Kiwon Da Ya Karɓe Ni

Duk wanda ya san ƙasarmu ta Kura da Bunkure da Garun Malam ya san ba a tambayar mota kyawunta. Abin da ake tambaya shi ne, kwando nawa take ɗauka? In mutum ya sayo mota, kafin a gama yi masa Allah ya sa alheri, za ka ga wani dattijo ya zagaya baya ya ɗaga but, yana aunawa da ido ko buhun shinkafa nawa zai shiga. Ba laifinsu ba ne. Tun da aka gama madatsar ruwa ta Tiga a 1974, zamanin Gwamna Audu Baƙo, ruwa ya biyo kanal ya ratsa gonakinmu, ba mu da rani ba mu da damina, kullum akwai abin da za a kai bakin titi: tumatir, albasa, masara ɗanya, shinkafa. Saboda haka Fijo 504, wadda aka fara haɗawa a Kaduna a 1975, ita ce ma'aunin kowace mota a wurin iyayenmu, musamman ma a-kori-kura. Bayanta J5 ta zo, sa'an nan Golf da Sharon. To, a irin wannan ƙasa ne ni, malamin lissafi a wata sakandaren gwamnati, mai mata da 'ya'ya biyar, na rasa abin da zan saya sai mota mai ƙofa biyu.

Sunanta na yanka Honda Prelude, ƙirar 1989, ja ce, ko in ce ta taɓa zama ja. Ɗalibaina kuwa Mai Ƙyafta suke ce mata, domin fitilunta na gaba a kwance suke cikin bonet kamar idon mai barci, sai an kunna su suke ɗagowa. Tana da kujeru biyu a baya, amma na suna ne kawai, duk wanda ya wuce shekara goma in ya shiga sai gwiwarsa ta gaisa da haɓarsa. Tsakanin cikinta da ƙasa bai kai taƙi guda ba.

Ciwon ya samo asali tun ina ɗan shekara goma. A 1987 gwamnatin Janar Babangida ta hana shigo da alkama daga waje, sai kuɗi ya sauko Kadawa da kewaye, masu saye suka riƙa zuwa daga birni har bakin gona. Wata rana a 1990, da almuru, muna taya mahaifina ɗaure buhuna a bakin kanal, sai ga wata farar mota tana tafe ƙasa-ƙasa kamar ƙadangare. Ta tsaya. Mai ita ya gama cinikinsa ya koma ciki, ya tayar da ita, sai kawai muka ga idanu biyu sun taso daga gabanta sun haske mu. Wallahi yara muka watse, wani yana a'uziyya, wani ya faɗa cikin ruwa. Ni ma na gudu, amma ban yi nisa ba na tsaya na waiwayo. Ban san sunan mutumin ba, ban kuma sake ganinsa ba. Motar kuwa ta zauna mini a rai shekara 22.

A 2012 na je birni ta'aziyya, a wata unguwa ta tsofaffin ma'aikata. Ina fitowa daga gidan sai na hango ta a harabar maƙwabta, a gindin darbejiya, tayoyi sun sace, ganye ya rufe gilashi, kaza ta yi ƙwai a ƙarƙashinta. Mai ita ya rasu, magada suna neman wanda zai raba su da ita. A lokacin ina da kuɗin adashi da na sa guda da na yi kiwo, mun kuma riga mun yi shawara da uwargida cewa Golf za a nema, in riƙa zuwa makaranta da ita, da yamma in ba wani yaro ya yi lodin Kano. Shawara ce ta hankali, ban ga aibunta ba har yau. Bayan kwana uku aka jawo mini Prelude da igiya har ƙofar gida.

Uwargida ta fito ta zagaya ta sau ɗaya, ta ce, "Malam, ina sauran ƙofofin?" Ban amsa ba. Ta sake cewa, "Mu bakwai ne fa a gidan nan in Allah ya sauke ni lafiya." Ta koma ciki, ranar tuwona ya zo babu man shanu. Yayana, wanda shi ke riƙe da gandun gidanmu a ƙauye, da ya zo ya gani dariya ya yi har da riƙe ciki, ya ce, "Kowa da kiwon da ya karɓe shi, maƙwabcin mai akuya ya sayi kura."

Wata bakwai muka yi kafin ta tashi da ƙafarta. Na ce "muka" domin Allah ya haɗa ni da wani bakanike a Kura, dattijo mai ƙarancin magana, wanda ya yi koyon aiki a Sabon Gari tun zamanin da irin waɗannan motoci suke sababbi. Kafin in same shi na sha wuya. Na farko da na kai wa, da ya buɗe bonet ya ga injekta ce, sai ya ce a cire a sa mata kafireto, wai haka ake yi wa kowace. Na biyu kuwa, mai saita taya, ya shiga ƙarƙashinta ya fito yana girgiza kai, ya ce ƙafar baya ta saki, amma kada in damu, zai kira mai walda a like ta gaba ɗaya. Da na yarda da ya kashe abin da ya sa motar ta zama ita.

Bari in yi bayani, don nan ne daɗin yake. Kamfanin Honda na Japan ya fara yin Prelude a 1978. Tawa tana cikin zubi na uku, wanda ya fito a 1987, kuma a wannan zubi ne suka zo da abin da ba a saba gani ba a motar kasuwa: sitiyari yana juya tayoyi huɗu, ba biyu ba. Babu kwamfuta a ciki, babu waya. Wani dogon ƙarfe ne ya taso daga sitiyarin gaba ya bi ta ƙarƙashin mota har zuwa wani ɗan akwatin haƙora da ke tsakanin tayoyin baya. In ka ɗan karkata sitiyari kaɗan, kamar za ka canza hannu a kan titi, tayoyin baya sai su bi na gaba, su karkata gefe guda da su, abin da bai wuce digiri 1.5 ba, motar ta zame gefe a natse ba tare da ta yi rawa ba. In kuwa ka murɗa shi sosai, kamar za ka juya a lungu, sai su koma su saɓa wa na gaba da digiri 5 da 'yan kai, gindin motar ya zagayo da kansa. Wato sitiyari ɗaya, umarni biyu, gwargwadon yadda ka murɗa. Duk shekara in muka zo darasin kusurwa, sai in fitar da 'yan aji filin makaranta, in sa ɗaya ya murɗa sitiyari a hankali, sauran su tsuguna a baya da ma'aunin kusurwa. Ban taɓa ganin darasin da ke shiga kansu kamar wannan ba, har waɗanda ke barci a aji sukan yi rige-rigen tsugunawa.

Mutanen gari kuwa har yau ba su saba ba. In ina juyawa a bakin kasuwa, da wuya a rasa mai bin ni da gudu yana buga but: "Malam! Malam! Tayarka ta baya za ta fita!" Da can nakan tsaya in yi bayani. Yanzu sai in ce na gode, Allah ya saka da alheri.

Kiwon kura, an ce, sai mai nama. Don su sami bonet ya kwanta ƙasa sosai, maƙeranta sun kishingiɗar da injin baya, abin ya yi kyau a ido, amma bakanikena kullum sai ya fito da hannu a kuje, yana cewa wanda ya zana motar nan bai taɓa canza matatar baƙin mai da kansa ba. Injekta ba ta son ƙazamin mai, ni kuwa a lokacin wahalar fetur ba ni da zaɓi sai 'yan bumburutu, don haka na koyi tace mai da ƙyallen atamfa kafin in zuba. Da hunturu ƙura, da kaka ƙaiƙayin shinkafa da ake shanyawa a gefen titi, duk a lagireto suke tarewa, kowace Juma'a sai na bi shi da buroshi. Tagar gilashin da ke rufinta, wadda nake alfahari da ita da rani, da damina yoyo take yi daidai kafaɗata ta dama. In na zo tudun rage gudu na cikin gari, sai na hau shi a karkace, taya ɗaya bayan ɗaya, masu babur suna yi mini hon.

Kayan gyara su ne babbar jarrabawa. Abin da ta yi tarayya da sauran Honda a kansa, kamar fulogi da bel da birki, ana samu a Ƙofar Ruwa ba wuya. Abin da yake nata ne ita kaɗai, sai addu'a. Wata tifa ta taɓa watso mini tsakuwa gilashin gaba ya tsage, na yi wata 14 ina leƙen hanya ta gefen tsagar, na aika Fanteka a Kaduna babu, sai daga baya wani ɗalibina na da, da ke kai tumatir Legas, ya samo mini a Ladipo, ya rungumo shi cikin katifa a bayan tirela. Injin da ke ɗaga fitilar hagu kuwa yakan yi gardama. In ya ƙi, sai motar ta tafi ido ɗaya a buɗe ɗaya a rufe, kamar tana kanne wa mutane, sai na tsaya na buɗe bonet na murɗa wani ɗan maɓalli da hannu. Tun 2004 aka daina yin motoci masu irin wannan fitila, saboda dokokin kare masu tafiya a ƙasa. Ko sabuwar Prelude da kamfanin ya dawo da ita a 2025, bayan ya dakatar da sunan tun 2001, na gan ta a hoto, idonta a buɗe yake ƙuru kamar na kowa.

Mai karatu zai ce, to duk wannan wahala don me? Amsar tana ranar Asabar bayan sallar asuba. Nakan fito tun gari bai gama wayewa ba, in bar inji ya ɗumama, in hau titin Zariya. In wuce Kwanar Gafan, inda a lokacin tumatir kwanduna ke jere ja wur har iyakar gani, in wuce Kadawa da Ciromawa, sa'an nan in bar babban titi in nufi Bagauda da Tiga. Ba gudu nake nema ba, ni mai iyali ne, kuma na ga abin da titin nan ya yi wa mutane. Kwana nake nema. A mota irin ta haya zaune kake a kanta kamar kan jaki, a wannan kuwa a cikinta kake, ƙasa-ƙasa, ƙafafu a miƙe, gilashi ya kewaye ka ta ko'ina. In kwana ta taho, ka sauko giya ta uku, inji ya ɗaga murya, ka ɗan karkata hannu, sai ka ji duk jikin motar ya amsa lokaci guda, babu jinkiri, babu musu. Mutumin da ya yi mako yana fama da aji mai yara fiye da 90, da alli da ba ya isa, da bashin mai kanti, shi ya san daɗin abin da zai ce masa bi nan ya bi. In na isa bakin ruwan Tiga sai in kashe ta, in zauna a kan bonet mai ɗumi in sha shayin da na zo da shi a fulas, ina kallon masunta. Ƙarfe tara na dawo gida.

Da a nan labarin ya tsaya da ban ɗauki alƙalami ba.

A watan Agusta na 2022, shekarar da aka yi ruwa kamar da bakin ƙwarya, wajen ƙarfe ɗaya na dare Yaya ya kira ni, ya ce numfashi yana yi wa Inna wuya, in zo da mota. Ƙauyenmu yana hayin kanal, tafiyar kamar kilomita shida daga kwalta, hanyar kuwa taraktoci sun haƙa mata kwari biyu, tsakiya ta yi tudu. Da zuwa na lallaɓa, taya ɗaya a kan tudu ɗaya a gefe, na isa. Wahala ta fara tun daga shigar da ita. Tsohuwa ce mai jiki, ba ta iya tsayuwa, ƙofa kuwa ƙasa take. Sai da muka kwantar da kujerar gaba, mu uku muka cusa ta tana nishi. Matar Yaya ta matsu a baya ta riƙe mata kai, shi kuma ya biyo mu a babur cikin yayyafi. Ba mu yi rabin hanya ba, nauyi ya ƙara danne motar, taya ta zame cikin kwari, cikinta ya hau tudu ya zauna daram. Da tayoyin gaba take ja, ga su suna ta juyawa a banza suna watsa taɓo. Na sa giyar baya, na sa ta gaba. Fitilun nan da nake taƙama da su suna haska shinkafar mutane, Inna kuma a gefena tana jan numfashi kamar ana zare shi da igiya.

Yaya bai ce mini komai ba. Ya juya babur ya koma ƙauye ya taso wani maƙwabcinmu mai tsohuwar a-kori-kura, wadda yake kwasar taki da ita, ba ta da fitila ɗaya, ƙofarta da igiya ake ɗaurewa. Aka shimfiɗa katifa a baya, aka sake ciro Inna daga tawa, wanda ya fi shigarwar wuya. Ta bi ta gefen gona ta wuce kamar ba taɓo. Na duba agogo, minti 50 muka ɓata a wurin. Da muka isa asibiti ma'aikaciyar jinya ta ce, "Me ya sa kuka bari ta kai haka?" Yaya ya dube ni, ya sunkuyar da kai. Sai da gari ya waye, an sa mata iska ta sami barci, sa'an nan ya ja ni gefe ya ce, "Auta, shekara goma kana zuba kuɗi a abin wasa. Rana ɗaya tak muka nemi mota a wurinka."

Ba ni da amsa a ranar, yau ma ba ni da ita. Da Golf ɗin nan na saya, da ta wuce. Da Allah ya karɓi ran Inna a kan hanyar nan, na san ajali ne, amma na san kuma da wane ido zan riƙa kallon kaina. Kwananta shida aka sallame ta. Motar kuwa samari suka ciccibo ta da safe, na kai ta gida na rufe da tamfol, na koma hawa babur. Wata huɗu ban ɗaga tamfol ɗin ba, har ɓeraye suka ci wayoyinta. Na yi niyyar in kira 'yan gwangwan su auna ta a kilo.

Inna ce ta tayar da maganar, ranar da na kai mata magani. Ta ce, "Auta, ina kurar taka mai buɗe ido? Na daina jin kukanta." Na ce ai na ajiye ta, Inna, sayarwa zan yi. Ta yi shiru tana gyara carbi, can ta ce, "Gado ka yi. Ubanka ya yi doki." Ban taɓa sani ba. Ta ce wani akawali ne, ba ya noma, ba ya dako, ba a hawansa sai da salla ko in hakimi zai fita, amma kullum sai an auna masa dawa daga rumbun da muke ci, a yanko masa harawa, a ba shi kanwa. Ta ce, "Na tsani dokin nan kamar kishiya. Shekarar farin 1984, kana ɗan ƙarami, na tsaya masa a kai sai da ya kai shi kasuwa, da kuɗin muka ci abinci har kaka. Ban yi nadama ba, ko yau aka dawo haka zan yi. Amma daga ranar ban sake jin ubanka yana waƙa in yana alwala ba." Ta ɗago ta dube ni ta ce, "Ni dai kada ka ƙara zuwa ɗaukata a cikinta."

Ban san ko izini ta ba ni ko gargaɗi ba. Na dai ɗaga tamfol, bakanikena ya yi kwana tara yana bin wayoyi ɗaya bayan ɗaya. Abu guda na yi kafin in sake hawanta: na je wurin maƙwabcin nan mai a-kori-kura, na saya masa fitila da batir, muka yi magana cewa duk daren da gidanmu ya buƙaci mota, tasa ce, mai kuma nawa ne.

Sai ga 29 ga Mayu, 2023, Shugaba Tinubu ya ce tallafin mai ya ƙare. Litar da muke saye ƙasa da Naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 ta wuce 1,000. Tankinta lita 60 yake ci, ni kuwa malamin lissafi ne, ba na buƙatar a yi mini bayani. Zuwa makaranta ya koma na babur. Tiga ta koma sau ɗaya a wata, wani watan ma sai dai in tayar da ita a ƙofar gida ta yi minti goma, in ɗaga fitilu in sauke, ƙananan yaran unguwa su yi tafi.

Yanzu 'yata ta fari ta gama sakandare, ta sami gurbin karatun jinya, ga kuɗin rajista, ga na ɗaki, ga na littattafai. Wani saurayi daga Abuja, cikin masu tara tsofaffin motoci, ya ga hotonta a wayar wani ɗalibina, ya zo har gida. Ya san abin da yake kallo, don kafin ya buɗe bonet sai da ya tsuguna a baya ya ce in murɗa sitiyari. Ya taya ta da kuɗin da ya isa shekara biyu ta karatun yarinyar. Na ce ya ba ni lokaci. Da dare uwargida ta ce, "Malam, shekara 13 ban taɓa cewa ka sayar ba, ko ranar Inna ban ce ba. Yau ma ba zan ce ba. Amma yarinyar nan ba za ta zauna a gida ba." Muka yi yarjejeniya: ina da eka ɗaya da rabi ta shinkafa a bakin kanal. In abin da aka casa ya biya rajista da ɗaki, mota ta kwana. In bai biya ba, ni da kaina zan kira saurayin, ba sai an tuna mini ba. Lambarsa tana cikin aljihun motar, a bayan takardun inshora.

Shinkafar ta fitar da kai, saura kamar mako uku a yanka. Jan-baki sun fara sauka, na ɗauki yara biyu suna kora da gwangwani, farashi kuma a kasuwar Kura kullum da yadda yake kwana. Jiya da la'asar na ce wa yarinyar ta zo mu dubo gona, muka tafi a motar, na ajiye ta a kan gaɓar kanal inda ƙasa ta bushe. Ta bi kunya-kunya tana murza zangarniya a tafin hannu tana ƙirga ƙwaya, ni ina biye ina lissafin buhu a zuci, kowannenmu bai gaya wa ɗan'uwansa abin da ya samu ba. Da magariba ta kawo kai muka koma mota. Na kunna fitila, ta dama ta tashi, ta hagu ta ƙi. Kafin in buɗe ƙofa ta riga ni fita, ta ce, "Baba, zauna, na iya." Ta ɗaga bonet ta murɗa maɓallin har idon ya buɗe, ta rufe, ta shigo tana goge hannu da gefen hijabi, muka kama hanyar gida a giya ta biyu.